Buhu Bakwai Daga Acida

Shekara talatin ina Kalambaina,
ina jera buhunan siminti bisa katako,
in bar taki guda tsakaninsu da bango,
don na san abin da laima ka yi ma gari.
Da anka sallame ni, na kwashi ɗan haƙƙina,
na zuba shi ga kaji ɗari biyu da hamsin,
nan bayan gida, Arkilla.

Luba ka ƙirgan ƙwai.
Kullum hantsi tana duƙe da faranti,
bakinta na motsi kamar mai lazimi,
kiret bakwai, wata rana har da rara.

Tsakiyar damina na tafi Acida,
na iske masara an karya mata kuɗi.
Ban tauna ba, ban shinshina ba,
kuɗin na duba, ba ƙwayar ba.
Buhu bakwai, da tunkuza biyu,
na jibge su ƙasa, jingine da bangon gabas
inda kwano ke ɗigo in hadari ya sauko.
Ni ɗin nan. Ni mai jeran siminti.

Ba su faɗi rana ɗaya ba.
Da sun faɗi, da na farga.
Kiret bakwai ya koma shida,
shida ya koma huɗu da 'yan kai.
Ɓawo ya yi laushi, yatsa na huda shi,
zanko ya koɗe kamar tsohon atamfa,
suna tsattsagar abinci suna bari.
Luba tac ce baki ne.
Ni na ce zafin Sakkwato ne.
Munka sayi magani kala uku, a banza.

Jelani likitan dabbobi yaz zo bisa babur.
Bai fara da akurki ba, ɗakin ajiya yan nufa,
yac cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu.
Yac ce, Baba, taɓa ka ji, da ɗumi.
Yaf fiddo dunƙule, kore-kore, mai warin rijiya.
Hunhuna.
Munka yanka guda da ta kwanta,
hanta ta kumbura, ta yi fatsi-fatsi,
tana marmashewa tun ba a matsa ba.

Na ce, to, mu shanya, ga rana kyauta.
Yag girgiza kai:
rana na kashe hunhuna, ba ta kashe dafinta,
wuta ma ba ta cin shi.
Maciji ya wuce, sarar na nan cikin jiki.

Maccido maƙwabcina yat tsaya bakin ƙofa,
wai in bar mai, awakinai ba su da tsada.
Na ce, nonon wa jikokinka ka sha?
Munka haƙa rami bayan darni,
buhu biyar munka rufe,
Luba na tsaye ba ta ce uffan ba,
sai ƙirga su take da ido, kamar ƙwai.

Yanzu in na je kasuwa, haƙori ka ciniki.
In ƙwaya ba ta ce ƙas ba, in wuce.
In zuba ta kwalba da busasshen gishiri, in girgiza,
in gishiri ya liƙe, da sauran ruwa.
Na mako biyu nake saye, ba na wata uku ba.
Tsohon buhu shi ka fara buɗewa.
Mazubin abinci a kankare shi, a wanke, ya sha rana.
Akwai wani gari da Jelani ke ba ni in gauraya,
wai yana kama dafin cikin hanji,
amma yac ce kar in mai da shi lasisin sayen ruɓa.

Na liƙe kwanon. Na sassaƙa katako da hannuna.
Taki guda tsakanin buhu da bango,
kamar dā.

Jiya da hantsi na ji Luba daga akurki,
biyar, tac ce, da guda goma sha ɗaya.
Ta ɗaga ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce,
yab ba da amo.